Zauren Iyali: Tafiya da Yara a Lokacin Annoba

  

Bayan taron ƙungiya na watan jiya, wani ɗan uwa ya tsare ni a ƙofar masallaci da tambaya. Maiɗakinsa 'yar Omdurman ce ta ƙasar Sudan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilu na 2023 ba ta sa iyayenta a ido ba. Yanzu tana son zuwa, tana kuma son tafiya da yaransu uku, babbansu ɗan shekara 9. Shi kuwa, ban da batun tsaro, abin da ya tsaya masa a rai shi ne cutar amai da gudawa, wato kwalara, wadda ta yi ɓarna a jihar Hartum a 2025. Ya ce mini: "Malam, in na hana na yanke zumunci, in na bari ban san cikin me na jefa 'ya'yana ba." Na ce masa ni ban kai ga ba da fatawa ba, amma na taɓa tsayawa a inda yake tsaye. Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, domin na san ba shi kaɗai ne ke cikin wannan hali ba.

Na yi shekaru a Omdurman ina ɗan kasuwancina kusa da Kasuwar Libiya, a can kuma na yi aure cikin Hausawan Sudan. A ƙarshen 2019 Allah ya ba mu 'ya mace, na sa mata sunan kakata ta wajen uba, wadda ke zaune a gidanmu na Maraɗi, shekarunta sun haura 80. Duk lokacin da muka yi waya, maganarta ɗaya ce: yaushe za a kawo mata takwararta? Na yi mata alkawarin babban hutun makaranta na 2020.

Sai ga annobar korona. A ranar 27 ga Fabrairu na 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje. A ranar 13 ga Maris Sudan ta ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu, wanda ya riga ya rasu a Hartum kafin sanarwar. Bayan kwana uku aka rufe filayen jiragen sama da kan iyakoki. Daga 18 ga Afrilu aka sa dokar zaman gida a jihar Hartum, aka dakatar da sallar jam'i a masallatai, muka shiga azumi a haka. Nijar ma ta rufe nata ƙofofin a watan Maris. A wannan lokaci babu wata shawara da ta rage mini, domin hukuma ta yanke ta a madadina.

Wahalar ta zo ne bayan an buɗe hanya. Zuwa watan Nuwamba jirage sun dawo aiki, kuɗin tikiti yana hannuna, maiɗakina ta fara ɗaure tsaraba. Tafiyar kuwa ba ƙarama ba ce: babu jirgi kai tsaye daga Hartum zuwa Yamai, sai an yada zango a wata ƙasa, a yi sa'o'i cikin cunkoson matafiya, kowane babba sai ya nuna takardar gwaji ta kwanan nan, daga Yamai kuma akwai fiye da kilomita 600 a mota kafin Maraɗi. Allurar rigakafi ba ta iso ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba.

Surukina, dattijo mai karatu, ya goyi bayan tafiyar, kuma hujjarsa tana da nauyi. Ya ce mini: "Ɗana, mu da kake gani a nan, tafiya ce ta haife mu." Gaskiya ya faɗa. Hausawan Sudan jikokin mahajjata ne da suka taka ƙasa daga Kano da Sakkwato da Damagaram, suna noma a hanya suna neman guzuri, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Wasu kuma jikokin masu hijira ne da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda bayan yaƙin Burmi na 1903 suka ci gaba da tafiya gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Waɗannan mutane da goyo suka yi tafiya. Ya ce in da sun jira ranar da babu ciwo a duniya, da ba su bar ƙofar gida ba. Ajali kuwa, in ya zo, ko cikin ɗaki yana samun mutum.

Na rasa abin cewa, sai na buga wa mahaifina waya. Na ɗauka zai ce in taho, tunda mahaifiyarsa ce ke jira. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya tuna mini da wani labari da na karanta a gabansa tun ina yaro, amma ban taɓa zaton zai shafi tikitin jirgi ba.

Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya nufi ƙasar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin rundunar Musulmi, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrahi, suka tarye shi da labarin cewa annoba ta sauka a Sham. Umaru bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya shawarci Muhajirai, suka saɓa. Ya shawarci Ansaru, su ma suka saɓa. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne. Umaru ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ikon Allah ya kora su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Daga baya Abdurrahmani ɗan Aufu ya iso, ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita domin gudu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan ƙissa.

Na ce: "Baba, ai ciwon yana Sudan, yana Nijar. Wace ce ƙasar annobar a nan?" Ya ce in dubi abin da hanin yake karewa: kada mutum ya kai kansa ga cuta, kada kuma ya ɗauki cuta ya kai wa wasu. Sa'an nan ya ce: "Kai baligi ne, in ka zaɓi hanya kai ka zaɓa. Su yaran nan wa ya tambaye su? Kuma in suka kwaso ciwon a hanya, cinyar wa za su fara hawa in sun iso?" Na yi shiru, domin na san amsar. Likitoci sun riga sun bayyana cewa korona ta fi sauƙi a jikin yara, ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini. Wadda muke son faranta wa rai ita ce wadda za mu fi jefawa cikin haɗari.

A cikin waɗannan kwanaki ne, ranar 26 ga Nuwamba na 2020, Imam Sadiƙul Mahadi, tsohon Firayim Ministan Sudan kuma jagoran Ansar, ya rasu da wannan ciwo yana da shekara 84, bayan an kai shi jinya Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Aka kawo shi Omdurman aka binne shi a ƙubbar kakansa. Na ce a raina, mutumin da aka ɗauka a jirgi zuwa asibitin waje ke nan; ina ga tsohuwa a unguwarmu ta Maraɗi? Na zauna da maiɗakina muka yi magana ta fahimta, muka yi istihara, muka ɗage tafiyar. Surukina bai ji daɗi ba da farko. Na tuna masa cikin ladabi cewa kakannin nan da ya ambata su ma an killace su a Suwakin kafin su haye teku zuwa Jidda, suka yi haƙuri, kuma tasu tafiyar farilla ce ko gudun addini, tawa kuwa ziyara ce mai yiwuwa a jinkirta.

Ba zan ɓoye wa masu karatu abin da shawarar ta ci mana ba. Kakata ta rasu da sanyin farkon 2021, ciwon tsufa, ba ta ga takwararta ba sai a hoton waya. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Allurar rigakafi ta fara isa Sudan a watan Maris na 2021, mu kuwa sai a 2022 muka kawo yaran gida, muka kai su kabarinta. Har yau in na tuna alkawarin da na yi mata, zuciyata takan yi nauyi. Duk da haka ban yi nadama ba, domin na yanke hukunci da abin da na sani a lokacin, kuma gaibu sai Allah.

To, ga ɗan uwana mai tambaya, da duk uban da ke riƙe da fasfon yaro a irin wannan lokaci, abin da na koya bai wuce tambayoyi huɗu ba.

Ta farko: buƙatar wa tafiyar za ta biya? Malamai sun bambanta fita domin gudu da fita domin lalura. Yaron da za a kai neman magani, ko iyalin da yaƙi ya kora, ba a haɗa su da mai zuwa biki ko ziyara. Mu kanmu a 2023 mun fito da yara daga Omdurman ba tare da tambayar lafiyar hanya ba, saboda zama ya fi tafiya haɗari.

Ta biyu: wane ciwo ne, kuma wa ya fi kamawa? Annoba kowace da halinta. Korona tsofaffi ta fi kayarwa. Kwalara kuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga, kuma ƙaramin yaro yana iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin sa'o'i. Wanda zai kai yara inda ta ɓulla, ya fara tambayar ruwan da za su sha, ko ana tafasa shi, da nisan asibitin da ke aiki, ya kuma riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti a jakarsa. A je wa likita kafin a je wa mai sayar da tikiti, a duba katin rigakafin kowane yaro.

Ta uku: in ƙofa ta rufe a bayanku, yaya za ku yi? A Maris na 2020 mutane da yawa sun fita da guzurin mako biyu suka yi watanni a ƙasar da ba tasu ba. A Afrilun 2023 filin jirgin Hartum ya tsaya a rana ɗaya, ɗalibai da iyalai suka yi kwanaki a kan iyakar Masar suna jira. Wanda ba shi da kuɗin zaman wata uku da masaukin da zai riƙe yara, ya sake tunani.

Ta huɗu: an yi shawara da uwar yara? Umaru, yana Sarkin Musulmi, sai da ya zagaya jama'a uku kafin ya juya akalar raƙuminsa. Kewar iyaye abu ne mai ciwo, bai kamata miji ya amsa shi da tsawa ba. Sau da yawa akwai hanya ta tsakiya: uwa ta je ita kaɗai ta ga iyayenta, yara su zauna wurin dangi, a kai su in al'amura sun daidaita.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma gaskiya ne. Amma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma shari'a ta koya mana mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu dogara ga Allah. Wanda ya auna waɗannan abubuwa ya ga tafiya ta fi, ya tafi da bismilla, kada a zarge shi. Wanda ya ga zama ya fi, ya riƙe zumunci da waya da aike da addu'a, kada a ce masa matsoraci.

Allah ya kawo wa ƙasar Sudan zaman lafiya, ya yaye annoba daga ƙasashen Musulmi da duniya baki ɗaya, ya raya mana zuriya a kan tafarki madaidaici. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.