Zanen Allo Ba Ya Motsi

Ɗalibin sakandare a Kucheri ya san azabar ciwon sikila tun daga gida, amma a aji sai a zana masa lauje a allo, a wuce. Wannan bai wadatar ba. Tun 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa sauyin amino asid ɗaya tak a himoglobin ke haddasa cutar. Abin da ake son ɗalibi ya gani kuwa motsi ne: yadda himoglobin ke mannewa da juna ya zama sanduna idan oksijin ya yi ƙaranci, har ƙwayar jini ta lanƙwashe. Da manhajar PyMOL, malami zai iya shirya fim ɗin minti biyu mai bayani da Hausa, a nuna shi ko da a waya ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau ya kamata ta fara.