Waiwaye: Tekun da ya taɓa kwanciya a Damargu

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san duwatsun Birni, manya-manyan nan masu sulɓi da suka ɗare kan juna, gidaje na jingine da su, yara na hawa da yamma. Ya kuma san wahalar ruwa: layin jarkoki a bakin famfo idan bazara ta yi tsanani, da ƴan garuwa suna tura kura lungu-lungu. Abu biyun nan tushensu ɗaya. Dutsen da garin ke zaune a kai giranit ne, narkakken dutse da ya daskare a can cikin ƙasa, mafi ƙuruciyarsa ya haura shekara miliyan 250. Ba ya riƙe ruwa sai a ƴan tsage-tsagensa, shi ya sa aka yi ta nemo wa Zinder ruwa daga waje, daga Gogo da Macaya, daga baya Arunguza da Ganaram. Kuma tun da wuta ce asalinsa, ko ƙayar kifi ɗaya ba za a samu a cikinsa ba.

Sai mutum ya kama hanyar arewa, ya wuce matatar mai, ya shiga Damargu, sannan ƙasa take canza fuska. Tuddan da ke kewaye da Tanut hawa-hawa suke: laka mai duhu, farar ƙasa a kanta, wata lakar kuma a sama. A gindinsu, inda ruwan damina ya zaizaye, ana tsintar wasu duwatsu a nannaɗe kamar ƙahon rago, wani ya cika tafin hannu, wani ya fi haka. Idan ka goge ƙurar da babban yatsa za ka ga zane mai lanƙwasa ya zagaye jikinsa, wurin da ɗakunan cikin ɓawon suka haɗu ke nan. Masana suna kiransa amonit. Halittar teku ce mai ɓawo, ta ƙare daga doron ƙasa shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma a ruwan gishiri kawai take rayuwa. Ba ta san tafki ba, ba ta san gulbi ba.

Ke nan gonakin geron Damargu, da aka daɗe ana kira rumbun ƙasar nan, ƙasan teku ne a da. Wajen shekara miliyan 94 baya, ruwan teku ya ƙaru a duniya har ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yau, ya bi ta gabashin Nijar ya sadu da wani ruwan da ya hauro ta kwarin Binuwai. Ba teku ne mai zurfi ba. Ya yi zamaninsa ya janye, ya bar laka da ɓawo da haƙoran kifaye.

Wa ya fara karanta wannan? A watan Janairun 1851, zamanin da ayarin Tarabulus ke sauka a Zango, Turawa uku suka rabu a Tagelel cikin Damargu. Richardson ya nufo Zinder, Barth ya yi Kano, shi kuwa Overweg, wanda ilimin duwatsu ne sana'arsa, ya bi ta Gobir da Maraɗi. Bai koma gida ba, ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852. Cikakken bayani sai a 1943, lokacin da wani Bafaranshe, Schneegans, ya siffanta halittun Damargu, har ya raɗa wa wani jinsin amonit suna Nigericeras. A shekarar dai Arambourg da Joleaud suka fitar da nasu aikin a kan ƙasusuwa da haƙoran da aka tono a Nijar. Sai Hugues Faure, wanda ya karaɗe gabashin ƙasar, ya wallafa babban bincikensa a 1966.

Amma ni ban yarda su ne suka fara gani ba. Masu haƙar rijiya a Damargu, inda zurfi ya kai sai da raƙumi ko sa ake jan guga, sun riga kowa ratsa waɗannan hawa-hawan da dundurusu, gaba bayan gaba. Sun san lakar da ke rufta wa mutum, sun san farin dutsen da ke cinye bakin ƙarfe, sun san launin yashin da ke nuna ruwa ya kusa. Ba shakka katantanwar dutse ta sha fitowa cikin kwandon ƙasar da ake ja sama. Abin da ya rage kawai, ba a rubuta ba, ba kuma wanda ya zauna ya tambaye su. Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne a wurin Musulmi. Shekara dubu da suka wuce Al-Biruni ya kafa hujja da ɓawon halittun ruwa da ake samu cikin duwatsu idan ana haƙar rijiya, ya ce hamadar Larabawa teku ce a da. Da rijiya ya kafa hujja, irin wadda muke da ita a kowane ƙauye.

Labarin kifin ya fi daɗi a can arewa, a ƙasar Agadas. A Gadufawa, cikin Tenere, masu neman yuraniyom ne suka yi kiciɓis da ƙasusuwa shimfiɗe a kan rairayi, Philippe Taquet ya je a 1965, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya bi sahu a 1997 da 2000. Duniya ta fi jin labarin dinozor ɗin wurin da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Ni kifayen ne suka fi ɗaukar mini hankali, don su ne abincin da ya riƙe wasu daga cikin waɗancan ƙattin a gulaben da suka gudana wajen shekara miliyan 110 baya. Akwai Mawsonia tegamensis da Sylvie Wenz ta siffanta a 1975, daga zuriyar da aka ɗauka ta ƙare ƙurmus, sai ga masunta sun kamo mai rai a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. Akwai kuma haƙoran dangin gaiwa, masu faɗi da tudu-tudu, har wani jinsin aka sa masa sunan dutsen Tigidit.

Gaiwa dai tamu ta tafki. Idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi har ya bushe ya zama kube, ta bar ƴar kafa a sama tana shaƙar iska da huhu. Haka za ta kwana watanni tana cin naman jikinta, kamar yadda kirarinta ya faɗa, har damina ta faɗi. Yaron da ya sa fartanya ya fasa busasshen taɓo ya zaro ta, bai san abin da ke hannunsa ba: zuriyar kifaye masu huhu ta kai shekara miliyan 400 a duniya. Ta girmi dinozor nesa ba kusa ba, ta kuma ga bayansu. Wanda ke neman kifin farko-farko, ga jikarsa nan ana banda ta a kasuwa.

Tsirrai ma sun bar nasu. A gindin Tigidit akwai gumaguman itatuwa kwance da suka rikiɗe suka zama dutse. Wanda ya fi su tsufa shi ne gawayin ƙasa na Anu Araren kusa da Cirozerin, da kamfanin SONICHAR ke haƙa yana ba Arlit da Agadas wuta. Dazuzzukan fadama ne na fiye da shekara miliyan 300, tun babu fure babu ciyawa a duniya, suka ruɓe ƙarƙashin laka, nauyi ya danne su. Man Agadem da ake turowa ta bututu zuwa matatar SORAZ tun 2011, ganga 20,000 a rana, shi ma ragowar ƙananan halittu ne da suka kwanta a ƙasan tsofaffin tekuna da tafkuna. Wanda ya iya bambance wannan hawa da wancan shi ke cewa a haƙa nan, a bar can, ko ruwa ake nema ko mai. Da irin amonit ɗin Tanut ake gane shekarun hawa. Mu muka ɗauke shi abin wasan yara, waɗanda suka ɗauke shi karatu kuwa su muke biya su nuna mana abin da ke ƙarƙashin gonarmu.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tarihin Damagaram a bakinmu daga Malam Yunus yake farawa, ya kai ga Sarki Tanimun da ganuwarsa da igwoginsa, ya tsaya a zuwan Faransawa a 1899. Tarihi ne abin alfahari, marigayi masanin tarihi André Salifou ya yi masa hidima. Sai dai ƙasar da aka yi sarautar a kanta tana da nata, kuma yawancin shaidunsa suna akwatunan Paris da Chicago. Ƙwarangwal ɗin dinozor mai suna Ouranosaurus ɗaya yana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ɗaya kuma yana birnin Venis a Italiya. Akwai dokar 1997 da ta kare kayan tarihin ƙasa, amma doka ba ta hana mai wucewa cika aljihu ya sayar. Dutsen da aka ɗauke ba a rubuta daga wane tudu ba, daga wane hawa ba, rabin amfaninsa ya tafi, ko da ya ƙare a hannun masani.

Abin da nake so a yi ba mai tsada ba ne. Kowace lakwal a Damargu ta samu ɗan akwatin duwatsun yankinta, kowanne da takardar inda aka tsince shi. A sami masu zama da tsofaffin maginan rijiya da littafi da alƙalami tun suna raye, a rubuta sunayen da suke kiran kowace irin ƙasa da zurfin da ake cin mata. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Zinder, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, su ne suka fi dacewa da wannan aiki, kuma tsakaninsu da tuddan Tanut bai wuce tafiyar kilomita 150 ba.