Bikin Godiya A Amurka: Darasin Talotalo Da Kan Da Aka Tsire

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Amurka, ganyen itatuwa ya fara zuba, sai malaman firamare su shiga shirin darasin abin da suke kira Ranar Godiya, wadda ke faɗowa a Alhamis ta huɗu ta watan. Hutu ya matso, yara sun fara ƙiriniya, ba mai son zama kan kujera, don haka dabarar malama ita ce ta ba su aikin hannu. Kowane yaro ya ɗora tafinsa kan takarda ya zagaye da fensir, babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran huɗun su zama jela. Lissafi a yi shi da ƙwayar masara. Daga nan, a makarantu da dama, sai a raba aji biyu: wasu a sa masu baƙar hular kwali, su ne Turawa baƙi, wasu a ɗaura masu gashin tsuntsu na takarda, wai su ne Jajayen Indiyawa. A ci a sha, iyaye su tafa, a ɗauki hoto, a tashi.

Aji ya natsu, malama ta huta. To amma me aka cusa wa yaron?

An ce da shi a 1620 wasu bayin Allah su 102 sun taso daga Ingila a jirgin ruwa mai suna Mayflower, sun sauka a Plymouth, sanyi da ciwo sun kashe kusan rabinsu, sai wani ɗan ƙasa mai kirki, Squanto, ya koya masu shuka masara da takin kifi. Da kaka ta yi a 1621 sai aka yi liyafar kwana uku, sarki Massasoit na ƙabilar Wampanoag ya zo da mutum 90, suka kawo barewa biyar. Duk wannan ya faru. Ƙaryar tana cikin abin da aka yanke daga farko da kuma daga ƙarshe.

Yaro mai wayo zai tambaya, a ina Squanto ya iya Turanci? Amsar da ba ta cikin jadawalin malama ita ce, a 1614 wani matuƙin jirgi Bature, Thomas Hunt, ya yaudare shi tare da 'yan'uwansa fiye da 20, ya kai su Malaga ta ƙasar Sifen don ya sayar da su bayi. Da kyar ya kuɓuta ya isa Landan, ya dawo gida a 1619, sai ya tarar annobar da ta biyo bayan zuwan jiragen Turawa ta share garinsu, Patuxet. A kan kufan wannan gari da gonakinsa ne baƙin suka kafa Plymouth. Su kansu Wampanoag sun ƙulla yarjejeniya da baƙin ne don annoba ta karya su, ga maƙwabtansu Narragansett da ƙarfinsu.

Ƙarshen labarin ya fi muni. A 1637 Turawan yankin, tare da wasu ƙabilun da suka jawo jikinsu, suka yi wa garin Pequot da ke Mystic ƙawanya da asuba, suka cinna masa wuta, suka hallaka aƙalla mutum 400, har da mata da yara. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da Metacom, ɗan cikin Massasoit ɗin nan da ya ciyar da su. A watan Agustan 1676 aka kashe shi, aka daddatsa gawarsa, aka tsire kansa a kan sanda a Plymouth, inda ya yi kimanin shekara 20 ana kallo. Matarsa da ɗansa kuwa aka sayar da su bayi. Wannan ita ce sakayyar barewa biyar. Subhanallah!

Masu kare wannan darasi suna cewa ɗan shekara shida ba zai iya ɗaukar labarin yanka da ƙona mutane ba. An ji. Ba wanda ya ce a kawo wa jariri hoton kan da aka tsire. Amma rashin faɗin duka gaskiya daban, shirya wa yaro wasan kwaikwayon ƙarya daban. Ana iya gaya masa cewa ƙasar tana da masu ita kafin jirgin ya iso, cewa suna da suna, kuma jikokinsu suna nan da rai a Mashpee da Aquinnah. Wasu malaman sun gane haka, sun jefar da hulunan takarda, kuma sun cancanci yabo. Sauran sun zaɓi aji mai shiru a kan gaskiya. Mai karatun da aka taɓa koya wa cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali masunta sun tsufa a kansa, ya san ɗanɗanon irin wannan darasi.

Shi kansa hutun ba daga liyafar 1621 ya taho kai tsaye ba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana shi ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranarsa a 1941. A tsakanin nan gwamnati ta buɗe makarantar kwana ta Carlisle a 1879, ana ƙwace 'ya'yan 'yan ƙasa, a aske masu gashi, a canza masu suna, a hukunta wanda ya yi yarensu. Rahoton ma'aikatar cikin gida ta Amurka na 2024 ya amsa cewa aƙalla yara 973 sun mutu a irin waɗannan makarantu. Wato an raba ɗan asali da gashinsa da ƙarfin tsiya, sannan aka ɗaura wa ɗan baƙo na takarda don nishaɗi.

A 1970, wajen bikin cika shekara 350 da zuwan jirgin, an gayyaci wani dattijon Wampanoag, Wamsutta Frank James, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya yi jawabi. Masu shirya taron suka nemi ganin takardarsa tukuna, da suka karanta sai suka ce ba za a faɗi wannan ba, suka ba shi nasu rubutun. Ya ƙi. Ya hau tudun Cole's Hill, kusa da mutum-mutumin Massasoit, ya yi wa mutanensa magana a can. Tun daga wannan shekara, duk Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, yayin da ake yanka talotalo a gidaje, su kan taru a kan tudun nan, suna kiran ranar da Ranar Makoki.