Maigida, Ina Littafinka?

Babu yaro a makarantar nan da bai san ayar da ta ba miji shugabancin gida ba. Ko wanda ke faɗuwa a jarrabawar Littafi Mai Tsarki, wannan kam ya riƙe ta. Amma kaɗan ne ke karanta Afisawa sura 5 har ƙarshe, su ga cewa ayoyin da Bulus ya rubuta wa mazaje sun fi na mata yawa, kuma sun fi nauyi, domin da mutuwar Almasihu ya auna ƙaunar miji.

To, mu leƙa gidajenmu. Wa ke ta da yara addu'ar safe? Wa ya san ayar haddacewa ta makarantar Lahadi? A gidaje da yawa amsar ita ce Mama. Baba yana nan, sai dai Littafinsa na kan kabad, ƙura ta rufe shi, ba a sauko da shi sai ran Lahadi. A majami'a ma haka. Ranar Zumuntar Mata wuri cike yake, ga zane iri ɗaya, ga ganga da tulu, ga ziyarar marasa lafiya da gidan makoki. A kira taron maza, sai a ƙirga su da yatsu.

Ni ba gardamar naɗin mata nake yi ba. ECWA ba ta naɗa mace fasto, wannan kuwa maganar manyanmu ce. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ke son kujera, ba ya son aikin kujerar. In an zo rabon nama shi ne shugaba, in an ce a yi addu'ar abinci sai ya dubi matarsa.

Ku tuna da Johanna Veenstra. Ikkilisiyarta a Amurka ba ta naɗa mata a lokacin, amma ta iso ƙasar nan a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum tana wa'azi da koyarwa, har ta rasu a Vom a 1933. Makarantar koyon aikin fasto da ke Donga sunanta take ɗauke da shi.

Ku samarin aji shida da za ku fita bana, yarinyar da kuke zama aji ɗaya da ita ta iya karatu kamar ku, watakila ma ta fi ku. Ranar da ɗayanku zai ce mata shi ne shugaba, tana da ikon tambayarsa yaushe rabonsa da buɗe Littafin.