Awon Waƙa da Ido Kaɗai Ba Ya Isa

A yawancin azuzuwan Hausa, nazarin rubutacciyar waƙa ya tsaya a ƙirge. Ɗalibi zai duba baiti ya ce ƙwar biyu ne ko ƙwar biyar, ya ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ke rufe kowane baiti ya kira ta babban amsa-amo, ta cikin ɗangwaye kuma ƙarami. Shi ke nan, maki ya samu. Karin waƙar kuwa ko oho.

Ba laifin ɗalibin ba ne. Karin waƙar Hausa ya dogara ne kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kamar yadda yake a arulin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, da bahar 15, kafin Ahfash ya ƙara Mutadarik suka cika 16. Gaɓa tana yin nauyi idan wasalinta dogo ne ko ta rufe da baƙi. To, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, alhali gaɓar farko ta na biyun ce kaɗai mai nauyi. Ajami kuwa, wanda Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu suka yi waƙoƙinsu da shi, yana da alif da wawu da ya don jan wasali.

Saboda haka mai karanta Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja a zuci, daga bugun boko, rabin ginin ya ɓace masa. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne. Da kunne ya auna baitocinsa.

Manazarta sun daɗe da gane haka. Tun 1975 M.K.M. Galadanci ya bayyana yadda bahar irin su Kamil da Mutaƙarib suka zauna a waƙar Hausa, kuma a 2019 aka fitar da nazarin Bruce Hayes da Russell Schuh kan bahar ɗin Rajaz na Hausa, inda suka gwada rubutun da muryar mai rerawa.

Malamin sakandare ba ya bukatar na'urorin jami'a. Ya sa 'yan aji su rera baitin, su tafa kowace gaɓa, su rubuta dogon wasali da harafi biyu a allo, sannan a shiga maganar ƙafa da bahar.