Yawan Ambato da Nauyin Malami: Darasi Daga Maƙalar Fred Davis

A shekarar 1989 mujallar MIS Quarterly ta wallafa maƙalar wani matashin malami Ba'amurke mai suna Fred Davis, wanda bai daɗe da kammala digirinsa na uku a jami'ar MIT ba. Tambayar da ya ɗauko mai sauƙi ce: me ke sa ma'aikaci ya rungumi sabuwar manhajar da aka kawo ofis, ko kuma ya yi watsi da ita? Ya gwada mutum 152, wasu ma'aikatan kamfanin IBM ne a Toronto ta ƙasar Kanada, wasu kuma ɗaliban ilimin kasuwanci ne a Boston. Amsarsa ta tsaya a kan abubuwa biyu, wato yadda mutum ke ganin amfanin manhajar ga aikinsa, da yadda yake ganin sauƙin sarrafa ta. Ya kuma gano cewa amfani ya fi sauƙi rinjaye, domin mutane kan jure wahalar manhaja muddin tana biyan buƙata.

Wannan tunani, wanda aka fi sani da TAM, ya zama ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi kafa hujja da su a fannin nazarin tsarin bayanai na kasuwanci, wato ilimin da ke duba yadda kamfanoni da hukumomi ke amfani da kwamfuta wajen tafiyar da lissafi, kaya, ma'aikata da abokan ciniki. An ambaci maƙalar sau dubun-dubata. Duk wanda ya buɗe shafin Davis a Google Scholar zai ga alƙaluman da yawancin malamai ba za su kusanta ba ko da sun shekara arba'in suna rubutu. Saboda haka labarinsa ya dace da gwada wata al'ada da ta kama jami'o'in duniya, ta auna malami da yawan rubutunsa da yawan waɗanda suka ambace shi.

Al'adar tana da asali mai kyau. Eugene Garfield ya kawo shawarar kundin ambato a mujallar Science a 1955, kuma manufarsa ta farko ita ce taimaka wa mai bincike ya bi sawun wani tunani daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya kundin ya koma sikeli. A 2005 masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h: malami yana da h 20 idan yana da maƙaloli 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Lamba ɗaya tak ta haɗa yawan aiki da karɓuwarsa, shi ya sa kwamitocin ƙarin girma suka ƙaunace ta. Amma tana da makanta. Wanda ya rubuta maƙala ɗaya da ta girgiza fanni, aka ambace ta sau dubu hamsin, bai kuma rubuta wata ba, h ɗinsa 1 ne. Wanda ya tara ƙananan maƙaloli goma da abokai suka ambata sau goma-goma ya ninka shi sau goma.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce ma'anar ambaton kansa. Ambato shaida ne cewa wani marubuci ya ga aikin ya yi masa rana wajen rubuta nasa. Shi ke nan abin da yake tabbatarwa. Bai nuna an karanta aikin har ƙarshe ba, bai nuna an yarda da shi ba, domin mai suka ma ambato yake yi, kuma bai nuna wani kamfani ya gyara yadda yake aiki saboda shi ba.

Tarihin TAM ya fito da wannan fili. Ingancin aikin Davis ba abin musu ba ne, amma wani ɓangare na farin jininsa ya samo asali ne daga sauƙin maimaita shi. Tambayoyinsa a shirye suke. Ɗalibi zai sauya sunan manhaja, ya raba takardun tambayoyi ga mutum ɗari biyu, ya shigar da amsoshin cikin kwamfuta, ya fito da maƙala. An yi haka a kan saƙon imel, cinikin intanet, karatu daga nesa, bankin waya da sauran su, ƙasa bayan ƙasa. Davis ya nuna cewa a wajen ma'aikata amfani ya fi sauƙi ƙarfi, sai ga shi a wajen manazarta sauƙin ne ya ja ragama. A 2003 Viswanath Venkatesh da abokan aikinsa, har da Davis, suka haɗe ra'ayoyi takwas irin wannan suka fitar da wani faffaɗan tsari mai suna UTAUT, shi ma ya tara ambato mai ɗimbin yawa ta hanya guda.

Manyan fannin ba su yi shiru ba. A 2007 Izak Benbasat da Henri Barki suka wallafa suka mai nauyi a mujallar ƙungiyar masana fannin. Jigon hujjarsu shi ne cewa tururuwar da aka yi wa TAM ta kawar da hankali daga tambayoyin da suka fi muhimmanci, ta kuma sa ana ganin kamar ilimi yana taruwa alhali abu ɗaya ake nanatawa. An tabbatar sau ɗaruruwa cewa mutane suna son abin da ke da amfani, amma an yi ƙarancin bincike a kan abin da ke sa manhaja ta zama mai amfani, wanda shi ne abin da mai ƙera ta da manajan da zai saye ta suke buƙatar sani.

A Jamus fannin ya bi wata hanya dabam, ta ƙira da gini. Farfesa August-Wilhelm Scheer na jami'ar Saarland ya tsara wata hanya ta zana yadda aiki ke gudana a kamfani, daga shigowar oda har zuwa biyan kuɗi, ya sa mata suna ARIS. Ya kafa kamfanin IDS Scheer a 1984, hanyar tasa ta shiga aikin kamfanoni masu yawa, musamman masu girka manhajar SAP, kafin kamfanin Software AG ya saye shi a 2009. Scheer ma ana ambatonsa, amma mafi girman sawunsa yana cikin ofisoshi da masana'antu, inda babu kundin da ke ƙirgawa. Akawun da aikinsa ya sauƙaƙa ba ya rubuta maƙala. Wannan damuwa ce ta sa Hubert Österle da wasu farfesoshi suka fitar da sanarwa a 2010, wadda farfesoshi fiye da ɗari suka goyi baya, suna kare binciken da ke ƙera mafita daga matsin lambar ma'aunin manyan mujallu.

Masu kare alƙaluma suna da hujjar da ya kamata a saurara. Kafin zuwan lambobi, makomar ƙaramin malami tana hannun 'yan tsirarun manya, kuma son kai da ɓangaranci suna da wurin ɓuya. Lamba ba ta san ɗan wane ba. Haka kuma zargin cewa manyan mujallu sun rufe ƙofa ga binciken ƙira bai cika ba, domin maƙalar Alan Hevner da abokansa ta 2004 a kan wannan hanya a MIS Quarterly ta fito, kuma tana cikin waɗanda aka fi ambata a fannin. Sai dai lambar tana riƙe gaskiyarta ne kawai kafin a ɗora mata albashi da muƙami. Da zarar an ɗora, sai dabaru su ɓullo: yanka bincike ɗaya gida uku, ambaton kai, yarjejeniyar ambaci nawa in ambaci naka, da mujallun da ke buga komai idan an biya. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi baki ɗaya daga jerin malaman da aka fi ambata saboda irin wannan maguɗi.

Batun ya shafi jami'o'in Najeriya kai tsaye, inda ƙarin girma ya rataya a kan yawan wallafa, kuma TAM ya zama abin hawan kundayen digiri a kan bankin waya da na'urar POS. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwar Kantin Kwari da masu shayi zuwa karɓar kuɗi ta waya ba don sun zaɓa ba. Abin da ya dame su shi ne kuɗin da aka cire bai isa ba, saƙon bogi, layin da ya ɗauke, da kwanakin jiran banki ya mayar da kuɗi. Binciken da zai gano inda ciniki ke maƙalewa tsakanin bankuna, ko yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai daidaita littafinsa da abin da ya shiga asusunsa, yana cin lokaci, kuma mai yiwuwa kaɗan ne za su ambace shi a ƙetare. Matashin malamin da ke lissafin shekarun ƙarin girmansa ya san wanda zai zaɓa, kuma ba shi ne abin zargi ba.

Gyaran yana hannun masu riƙe da sikeli. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya yi rubutu a ciki, ƙa'idojin Leiden na 2015 kuma suka nemi alƙaluma su tallafa wa hukuncin masana maimakon su maye gurbinsa. A aikace, kwamiti zai iya neman malami ya gabatar da ayyukansa uku mafi ƙarfi, a karanta su, a tambaye shi abin da aka sani yanzu wanda ba a sani ba kafin su. A fanni irin wannan ya kamata a ƙara tambaya ta biyu: wace hukuma, wane asibiti ko kamfani ya sauya yadda yake aiki saboda binciken, kuma ina shaida? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Davis ya cancanci sunansa saboda ya kawo tambaya da ma'auni a lokacin da ake buƙatarsu, kuma ana iya gane hakan ta karanta maƙalar ko da ba a duba yawan masu ambatonta ba.