Gwangwanin tumatir ɗaya bai kai a kulle mutum ba

Abin da muka yi ta gudu ya faru. A ƙarshen watan Mayun 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta tura wata mata 'yar Legas gidan yarin Suleja, inda ta kwana kafin a ba da belinta kan naira miliyan 5. Ga mafarin zancen. A watan Satumban 2023 ta buɗe gwangwanin tumatirin Nagiko, ta ɗanɗana, ta ji zaƙi ya yi mata yawa, ta ɗauki hotonsa ta saka a Facebook. Kamfanin Erisco Foods, mai tumatirin, ya kai ƙorafi, 'yan sanda suka kama ta a Legas suka kwaso ta zuwa Abuja. Ga tuhuma ƙarƙashin dokar laifukan intanet, ga kuma ƙarar neman diyyar naira biliyan 5.

Kiranmu ga Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, shi ne ya janye wannan tuhuma. Sashe na 174 na kundin tsarin mulki ya ba shi ikon yin haka.

Kamfanoni da ƙafarsu suka zo Facebook da Instagram da TikTok suka baje koli, ba wanda ya kira su. Suna biyan 'yan fim da masu barkwanci su ɗaga kaya gaban kyamara suna lumshe ido, suna rantsuwa cewa ba su taɓa cin irinsa ba. Idan yabo ya zo, ko da sayo shi aka yi, sai a yi ta yaɗawa. Ranar da mai saye ta ce kayan bai yi mata ba, sai a tuna da lambar ofishin 'yan sanda. To, shago a dandalin sada zumunta ƙofarsa a buɗe take, mai yabo da mai kushe duk ta nan suke shigowa.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi waɗannan manyan kamfanoni sanin ciniki. Mace ta dawo da atamfa tana faɗa, ta ce wanki ɗaya ta zuba, jama'a sun tsaya suna kallo. Zai jawo mata kujera, ya ce, "Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, a kawo a canza." Ya san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ya san Hajiyar nan za ta dawo da ƙawayenta ran sallah.

Erisco na cewa matar ta wuce kushe, har ta rubuta cewa kayansa na kashe mutane, kuma ya yi asara. Mun ji, kalmar ta yi nauyi, amma ai kotun farar hula na nan don ƙarar ɓata suna, kuma ya riga ya je can. Me ya kawo kame da jigilar mutum daga Legas zuwa Abuja? Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum kan saɓanin da ba na laifi ba. Sai dai mun saba. Shekara da shekaru muna rubutu kan yadda aka mayar da caji ofis wurin karɓo bashi da huce haushin masu kuɗi, ba abin da ya canza.

Shi kansa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 tsohon ciwo ne. Da shi aka yi ta kama 'yan jarida. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta sake faɗa a 2022. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan gyaran da ya taƙaita shi, aka yi ta tafi. Wata uku bayan haka, ga mace a Suleja kan tumatir. Gwamnatin baya ta rufe Twitter wata bakwai ba ta damu da masu sana'a a kai ba. Wannan kuma tana kallon ana tsorata masu saye.

Ko ta fuskar riba, lissafin bai fita ba. Rubutun da da ya nutse cikin kwana biyu ya kai har tashar CNN, kuma mutanen da ba su taɓa jin sunan Nagiko ba yanzu sun san shi, sun san shi da kame. Sauran kamfanoni su duba da kyau kafin lauyoyinsu su ba su irin wannan shawara.

Ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito ta faɗa a sarari cewa bayyana ra'ayi kan kaya haƙƙin wanda ya saya ne. Sufeto Janar na 'yan sanda shi ma ya janye jami'ansa daga rikicin kamfani da kwastoma. Ministan Shari'a kuma, muna maimaitawa, ya janye tuhumar, a bar Erisco ya je ya tabbatar da asararsa gaban alƙali kamar kowa.